Kwamfutar wasa: abin da mai saye ya kamata ya sani kafin ya kwance lalitarsa

A da, in ɗa ya roƙi mahaifinsa abu mai tsada, bai wuce keke ko rediyo ba. Yau a Yamai da Maraɗi da Damagaram akwai ma'aikacin da ɗansa ya tsare shi da zancen kwamfutar wasa, akwai kuma ɗan kasuwar da ke lissafin buɗe ɗakin da samari za su riƙa biya suna buga ƙwallon EA Sports FC, wadda kafin 2023 ake kira FIFA. Su duka biyu abu ɗaya ke jiransu: irin wannan na'ura ba dole a saye ta a haɗe ba, ana zaɓen kayan cikinta ne ɗaya bayan ɗaya, kuma kuskure guda yana iya cinye albashin watanni.

Tun farko mu faɗi gaskiya: wanda ƙwallo kaɗai ta dame shi, PlayStation 5 ta ishe shi, ya huta da wannan ɗawainiya. Kwamfuta ta wanda ke son abu guda ya yi masa wasa da dare, da rana kuma ya yi lissafin kanti, ko zanen gini, ko haɗa bidiyon biki ce.

Babban kaso na kuɗin katin hoto ne ke cinye shi, domin shi ke zana duk abin da ido ke gani a allo. Kamfanoni uku ke ƙera zuciyarsa: Nvidia, da AMD, da Intel, dukkansu na Amurka. A watan Janairu na 2025 Nvidia ta fito da RTX 5090 a kan dalar Amurka 1999, wato sama da miliyan ɗaya na sefa tun kafin kuɗin jirgi da na duwan, kuma shi kaɗai yana jan wuta har wat 575. Ƙanensa RTX 5060, na 2025, wat 145 yake ja, ya kuma wadatar ga allon da yawancin mutane ke da shi, mai layi 1080. Sai dai ma'ajiyar cikinsa giga 8 ce, sabbin wasanni kuwa sun fara ƙure ta. Arc B580 na Intel ya fito a ƙarshen 2024 da giga 12 a kan dalar Amurka 249, RX 9060 XT na AMD kuma yana da iri biyu, mai giga 8 da mai 16. A ganinmu, wanda ke son katin ya kai shi shekara huɗu ko biyar ya daure ya nemi mai giga 12 ko 16. Mai saye ya karanta kwali da kyau, gama suna ɗaya ne, ciki ne ya bambanta, kama da wane kuwa ba ta wane.

Daga nan sai ƙwaƙwalwar na'ura da uwar faranti da take zama a kai. A nan ne aka fi yin asara ta rashin sani, domin kowace ƙwaƙwalwa da irin gurbinta. Ryzen 5 5600 ta AMD gurbin AM4 take shiga. Ryzen na jerin 7000 da 9000 sai AM5, wanda ya fito a 2022. Na Intel daga zubi na 12 zuwa na 14 gurbin LGA1700 suke so, waɗanda suka biyo bayansu a 2024 kuma aka sake musu wani. In aka yi wa mutum aike daga Dubai ko Kano, ƙwaƙwalwa daga wannan kanti, faranti daga wancan, ba tare da an gwada su ba, yana iya buɗe kaya a Tawa ya tarar ba su san juna ba. Wasa ba ya bukatar ƙwaƙwalwa mafi tsada. Mai ɗaki shida ta isa, rarar kuɗin a ƙara wa katin hoto. A kuma tuna cewa a 2024 Intel ta amsa cewa wasu manyan ƙwaƙwalenta na zubi na 13 da 14 suna lalacewa saboda yawan ƙarfin wutar da ke shigarsu, ta fitar da gyara, ta ƙara shekara biyu a kan garanti. Garantin da sai an mayar da kaya ƙetare, mun san darajarsa a nan.

Ram giga 16 ita ce mafi ƙaranci, kuma sanda biyu masu giga 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 sauri. DDR4 ba ta shiga ramin DDR5, AM5 kuwa DDR5 kaɗai yake karɓa. A ƙarshen 2025 farashinta ya yi tashin gwauron zabo, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da masana'antu ke fitarwa, abin da ya sa tsohon AM4 mai DDR4 bai zama abin raini ga mai ƙaramin ƙarfi ba. Wajen ajiya, SSD mai tera ɗaya, tun da wasa guda irin Call of Duty yana haura giga 100.

Duk wannan ana iya karanta shi a ko'ina. Abin da masu gwajin Turai ba za su gaya maka ba shi ne halin ƙasarmu. Su a ɗaki mai sanyin daraja 20 zuwa 25 suke awonsu. Mu a watan Afrilu da Mayu zafi yana kai 45 a inuwa. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa, saboda haka duk abin da ɗaki ya ƙara na zafi, ƙwaƙwalwa ma ta ƙara shi. In ta kusa daraja 90 zuwa 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, mai ita ya ga wasa na sarƙewa ya ce an cuce shi. Akwatin gilashi mai fitilu kala-kala yana da kyau a ido, amma wanda gabansa raga ce, iska na ratsawa, shi ne namu. Mai sanyaya na ruwa kuma, ranar da famfonsa ya tsaya, ina za a samo wani a Madawa ko Tasawa? Na ƙarfe da fanka ya fi kwanciyar hankali. Lokacin hunturu ƙura na toshe raga cikin ƴan makonni. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a riƙa fitar da matatar ana kakkaɓewa.

Sai wuta. Ba a manta ba yadda Najeriya, wadda ke ba mu mafi yawan lantarkinmu a lokacin, ta yanke shi a watan Agusta na 2023, sai a Maris na 2024 ta maido. Ko ba rikicin siyasa, kuran yana ɗaukewa ya dawo da ƙarfi, kuma dawowar ce ke kisa. Akwatin raba wuta na cikin kwamfuta shi ne wurin da mutane suka fi yin rowa, alhali in ya tashi mutuwa ba ya tafiya shi kaɗai, yana iya jan katin hoto da faranti. A nemi na sanannen kamfani mai shaidar 80 Plus. Wat 550 zuwa 650 ya isa matsakaiciyar na'ura. A sa kuɗin ondilar cikin lissafi tun farko, a kuma lura: wanda aka rubuta wa VA 1000, sau da yawa wat 600 kawai yake ɗauka.

Kayan gwanjo ba haramun ba ne, amma da ido biyu ake shigarsu. Tun da aka daina haƙar kuɗin Ethereum da katin hoto a watan Satumba na 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya, an wanke su sun yi fes. Tsoffin kwamfutocin biro na HP da Dell kuma akwatinsu ƙarami ne, wutarsu kaɗan, babban kati ba ya zama ciki. Waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta girmi zubi na 8 na Intel ba sa cikin jerin da Windows 11 ta yarda da shi, Windows 10 kuwa Microsoft ta kawo ƙarshen kula da ita ranar 14 ga Oktoba, 2025. Wanda zai sayi tsohon kati ya sa a kunna masa wasa mai nauyi na rabin awa a cikin kantin, yana kallon awon zafi a allo, yana sauraren fanka, sa'an nan a rubuta lambar jikin katin a kan rasit.