Motar da Ƙarfinta Ke Ɗaukewa Yana Komowa: Yadda A Ke Gano Ciwonta

Cikin cututtukan mota babu mai cin kuɗi da ɓata rai kamar wanda ke zuwa ya tafi. Mota ta kan taso daga Soba, ko Giwa, ko Maƙarfi, lafiya lau, Hakimi na ciki za shi fada. Ana cikin tafiya sai direba ya taka totur ya ji ba ta amsa ba, ta yi sanyi, ta dinga shessheƙa kamar za ta mutu. Jim kaɗan kuwa ta farfaɗo, ta shiga Zariya da gudunta. In an kai ta gareji a Tukur-Tukur, makaniki ya tashe ta, ya zaga da ita ta gaban Kamfanin Gaskiya zuwa Tudun Wada ya komo, sai ya ce shi bai ga kome ba. Ba ƙarya ya yi ba. Tafiyar gajeruwa ce, injin bai yi zafi ba, ba a kuwa nemi ƙarfinsa ba, don haka ciwon bai fito ba.

A nan ne hasara ta ke somawa. Makanikin da ba a ba shi labari ba, ba shi da abin yi sai cinke. Yau ya canja fulogi, jibi famfon mai, mako mai zuwa kwayil, kowanne da kuɗinsa, ciwo kuwa na nan. Abin da ya fi wannan muni shi ne motar da ta saki ƙarfi sa'ad da direba ya fita zai wuce tirela a kan hanyar Kaduna ko ta Kano. In injin ya mutu ɗungum, sitiyari ya kan yi nauyi, birki kuma ya yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu. Saboda haka motar da ta soma wannan hali, kada a wuce kowa da ita sai an warkar da ita.

Takardar magatakarda

Ciwon da ke ɓuya a gareji a kan hanya a ke kama shi, kuma kayan aiki na farko alƙalami ne. Ya kamata Hakimi ya sa magatakardansa, ko wanda ke zama kusa da direba, ya ajiye ɗan littafi cikin mota. Duk sa'ad da ƙarfi ya ɗauke, a rubuta waɗannan: minti nawa da tashi, da safe ne ko da tsakar rana, hawa a ke yi ko a shimfiɗe, kwalta ce ko gargada, an yi ruwa ko ba a yi ba, man da ke tanki ya kai ina, a ina kuma aka saye shi, wace fitila ce ta kama a gaban direba, me aka yi ta komo. In aka sami karo uku ko huɗu a rubuce, galibi za a ga abu guda da ke tare da su duka. Wannan abin shi ne bakin zaren.

Akwai tambaya ɗaya da ta fi sauran amfani, watau yadda ƙarfin ya tafi. Injin fetur da abu uku ya ke rayuwa: mai, da iska, da wutar da ke kunna su. In mai ne ya kasa, ƙarfin a hankali ya ke zurarewa, mota ta yi tari, ta ja ta saki, in an sassauta totur ta ɗan samu. In wuta ce, farat ɗaya ta ke yankewa kamar an murɗe mabuɗi, allurar da ke nuna juyin injin ta faɗi ƙasa, sa'an nan ta tashi farat ɗaya. Direba mai lura da wannan kaɗai ya raba aikin biyu.

Kafin a tuhumi injin, a tabbata shi ne mai laifi. In an taka totur ƙara ta ƙaru, allura ta hau, amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ke sulɓewa, ko giya. In kuwa an tsaya aka ji wata ƙafa ta fi 'yan'uwanta zafi ƙwarai, birki ne ke riƙewa.

Sha'anin mai

Mafi yawan wannan ciwo a ƙasar nan daga tanki ya ke. Injin da ke tsaye a gareji kaɗan ya ke sha, ko matacin mai ya kusa toshewa abin da ke ratsawa ya ishe shi. Amma a kan hawa, da kaya, da gudu, ya kan nemi ninkin wannan sau da yawa, sai matacin ya gaza. A tsaya minti biyar, dattin ya sake kwantawa, mota ta tashi kamar ba ita ba.

Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, direbobi da yawa sun koma sayen lita biyar biyar, suna yawo da ƙasan tanki. Wannan tsimi ne mai tsada. Motocin zamani famfonsu na lantarki a cikin tanki ya ke, man da ke kewaye da shi shi ke sanyaya shi. In mai ya yi ƙasa famfo ya kan yi zafi, ya zuƙi laka da tsatsa, a kwana ko a gangare kuma ya zuƙi iska. In littafin magatakarda ya nuna ba ta taɓa yi da tanki cike ba, an kusa gama bincike. Sai makaniki ya ɗaura ma'aunin matsi, a fita da motar. Irin waɗannan motoci galibi matsin bar 3 zuwa 4 su ke so, kuma abin dubawa shi ne ko allurar ma'aunin na faɗuwa daidai lokacin da ƙarfi ke ɗaukewa.

Man kansa ya kan zama shi ne ciwon. Cikin Fabrairu 2022 hukuma ta bayyana cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, kamfanin NNPC kuma ya ce daga Antwap ta ƙasar Beljiyam aka ɗauko shi. Motoci sun lalace, aka janye man, aka yi makonni ana layi. In wannan ya faru da man jirgin ruwa, me za a ce game da galan ɗin 'yan bumburutu a bakin hanya? Gwajinsa ba wuya. A tsiyayi kaɗan daga bututu cikin kwalba mai haske, a ajiye ta. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa a gan shi sarai. Kada yaro ya zuƙa da baki, kada kuma mai taba ya matso.

Tsofaffin motoci masu kafireto suna da nasu hali. Kamfanin Peugeot ya soma haɗa motoci a Kaduna cikin 1975, kuma 504 ɗin da aka yi ta fitarwa a can har yanzu tana ɗaukar kaya a kasuwannin ƙauye. Irin wannan, da bazara, cikin Maris da Afrilu, mai ya kan tafasa cikin bututun da ke kusa da injin ya zama tururi, famfo ya rasa abin turawa. A buɗe bonet ta huce, sai ta tashi. Haka kuma in 'yar kafar iska ta murfin tanki ta toshe, bayan tafiya mai nisa mai ya kan ƙi fitowa. Direba ya kwance murfin a wurin. In ya ji ta zuƙi iska da ƙarfi, motar kuma ta warke nan take, shi ke nan.

Sha'anin wuta

Abu uku ke tone asirin wuta: zafi, da girgiza, da laima. Kwayil mai tsagewa a ciki ya kan yi aiki da sanyi, in ya yi zafi ya yanke, in ya huce ya komo. A motocin zamani akwai wata 'yar na'ura kusa da gindin injin mai gaya wa kwamfutar mota inda fistin ya ke. Ita ma haka ta ke yi, in ta yanke kuwa kwamfuta ta kan hana wuta da mai gaba ɗaya. Motar da ke mutuwa kullum bayan rabin sa'a, ta ƙi tashi sai ta huta, a fara da waɗannan biyu. A tsohuwar mota a duba kwantak da kwandansa. Tsakanin bakin kwantak wajen milimita 0.4 ne.

In a kan gargada ta ke yi, sako-sako a ke nema. A girgiza kan batir da hannu, a bi kakkaurar wayar da ta haɗa batir da jikin mota da injin, a duba ko ta ci tsatsa. Ƙullin mabuɗai masu nauyi ma ya kan cinye makunni. Mai wayarin ya auna batir: a kwance wajen bolt 12.6, injin na aiki kuwa tsakanin 13.5 da 14.5. Sau da yawa an sayi famfo sabo alhali kuwa noti guda ne ya kwance.

In da damina ta ke yi, ko bayan wanki, a tashe ta cikin duhu a leƙa. Wayar fulogi mai yoyo za a ga shuɗin tartsatsi na tsalle a jikinta. A duba da ido, ban da hannu.

Iska da hayaƙi

Kowane awo ɗaya na fetur yana bukatar awo 14.7 na iska. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ta kan cika matacin iska, mota ta yi nauyi, ta yi baƙin hayaƙi, ta sha mai. Waɗansu yaran gareji su kan cire matacin su yar, wai don injin ya sha iska. Wannan ɓarna ce, gama ƙurar za ta dafe na'urar auna iska, ta kuma ci fistin. Ta wajen fita kuma, tukunyar tace hayaƙi da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, in ta farfashe gutsattsarinta su kan toshe hanya wani lokaci, su kauce wani lokaci. Alamarta ƙarar tsakuwa in an bubbuga salansa da sanyi. Tana da tsada a kasuwa, don haka in aka ce a cire ta, ya kamata a nuna wa mai mota shaida tukuna.

Abin da kwamfuta ta rubuta

Dokar Amurka tun 1996, da ta Turai tun 2001 ga motocin fetur, ta tilasta a sa wa kowace mota wata kafa mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda a ke soka na'urar bincike. Motocin Kwatano da suka cika Zariya galibi suna da ita. Kwamfutar ta kan rubuta lambar laifi ko da fitilar ta mutu daga baya, tare da gudun mota da zafin injin a lokacin. P0300 na nufin wuta na tsallake ba a silinda ɗaya ba. P0171, iska ta rinjayi mai. P0335, 'yar na'urar gindin injin ɗin nan. Fitilar in tana ƙyaftawa, a rage gudu nan da nan a nemi wurin tsayawa. Wani lokaci kwamfuta da kanta ke rage ƙarfi don ta tsare injin, in an kashe an kunna ta saki; a rubuta wannan ma.

Abu biyu a kiyaye. Kada a cire kan batir kafin a karanta, gama a motoci da yawa yin haka na goge rubutun. Na biyu, lamba wurin dubawa ta ke nunawa, ba abin saye ba: P0171 na iya zama famfo, ko mataci, ko tsagaggen tiyo. Magatakarda ya kwafe lambobin cikin littafinsa kafin a share su.

Sa'ad da aka zo gyara, a fara da mai araha, a canja abu ɗaya tak, a karɓi tsohon a ajiye, a rubuta kwanan wata da kuɗinsa. Sa'an nan makaniki ya shiga motar, a bi da ita irin hanyar da ta saba yi, da irin lokacin, da irin man da ke tanki ranar da ta yi, ko da za a kai Jaji a komo. Sauran kuɗin aiki sai bayan wannan tafiya.