Takardar da Ke Faɗin Abin da Hannu Ya Iya

Mai gida da ke son a yi masa ƙofar ƙarfe ba ya tambayar mai walda shekara nawa ya yi a makaranta. Zuwa yake ya duba ƙofar da mai waldar ya yi wa maƙwabci, ya jijjiga ta, ya leƙa wurin haɗin ya ga ko waldar ta ci ko ɗigo kawai aka yi. Ma'aunin ƙwarewa a makarantun koyon sana'a wannan dubawar ce aka rubuta a takarda: a fayyace ayyukan da dole ɗalibi ya yi da hannunsa a gaban mai tantancewa kafin a ce ya iya. A Najeriya hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta ke Kaduna, ita ke riƙe da tsarin NSQF mai jera ƙwarewa mataki-mataki, daga mai taya aiki har zuwa gwani. A ganina, daidai ne a fifita irin wannan ma'auni a kan ƙirgen zangon karatu, domin ɗalibi zai iya cin jarrabawar wayarin gida a rubuce alhali bai taɓa riƙe filaya ba, kuma waya idan ta yi siriri ga nauyin da aka ɗora mata gobara take jawowa, ba ruwanta da makin da ya ci.

Wasu za su ce ai tun kaka da kakanni maigidan sana'a ne ke sanin lokacin yaye yaronsa, ba ya buƙatar wani ma'aikaci mai fayil ya koya masa. Gaskiya ne, kuma masu ƙira da walda na kasuwar Panteka a Kaduna shaida ne cewa wannan hanya tana fitar da gwanaye. Matsalar ita ce kalmar maigida ba ta wuce unguwarsa. Yaron da aka yaye a Panteka, idan ya je neman aiki a kamfanin gini a Legas, wa ya san maigidansa? Shi ya sa tsarin NSQF ya tanadi a gwada wanda ya koyi sana'a a kasuwa, a ba shi shaida kan abin da ya riga ya iya, ba sai ya koma aji ba.

Sukar da ta fi nauyi ita ce takarda na iya zama ta sayarwa. Wannan tsoro yana kan hanya, don ma'auni ba ya gwada kansa. Sai an sami mai tantancewa wanda shi ma ya taɓa aikin, an saya masa ƙarfe da waya da wutar da za a yi gwajin da su, sannan wani ya biyo bayansa ya sake duba hukuncinsa. Duk wannan kuɗi ne, kuma kwalejin da injin waldarta ya shekara a lalace ba ta da yadda za ta gwada kowa, komai kyan ma'aunin da aka aiko mata.