MASU CIN HUNTURU A HAMADAR ARIZONA

'Yan'uwa, mu a nan cin rani muka sani. Da an gama tattara amfanin gona, samari su ɗaure 'yan kayansu su nufi birni ko kurmi, sai ruwan fari ya sauka su dawo. To, a ƙasar Amurka akwai waɗansu mutane da ya kamata a kira su masu cin hunturu. Galibinsu tsofaffi ne da suka aje aiki. Da zarar sanyi ya kama a jihohin arewa da ƙasar Kanada, ƙanƙara ta soma toshe ƙofar gida, sai su kulle gidan su shiga mota su yi kudu, tafiyar kwana 3 ko 4, har su kai hamadar jihar Arizona. Can suke sauka su yi wata da watanni. Mutanen wurin suna kiransu da wani suna mai ma'anar tsuntsayen ƙanƙara, don suna zuwa da lokaci suna komawa da lokaci, kamar dai shamuwa.

Motar da suke tafiya da ita gida ce sukutum. Akwai gado, akwai murhun gas, akwai firiji, akwai makewayi da wurin wanka. Manya daga cikinsu tsawonsu yakan kai mita 13, watau ba su da maraba da babbar safa, kuma wajen shan mai ba dama: lita guda da ƙyar take kai su kilomita 4. Wata kuma tirela ce da ake ɗaura wa a-kori-kura ta ja, in an isa zango a kwance ta a aje, a riƙa shiga gari da motar. Marasa ƙarfi kuwa ƙaramar motar kaya suke samu, su shimfiɗa katifa a baya, su aje bokiti, shi ke nan gida ya samu.

Babban zangonsu wani ɗan gari ne wai shi Quartzsite, ana furta shi kamar Kwatsait. Yana yammacin Arizona, a mahaɗar manyan hanyoyi biyu, mai lamba 10 da ta tashi daga gabas ta yi yamma, da mai lamba 95 da ta gangara kudu. Daga nan zuwa Finiks, babban birnin jihar, kimanin kilomita 200 ne. Zuwa kogin Kolorado, iyakar Kalifoniya, kimanin 30. A ƙidayar 2020 mazauna garin na dindindin mutum 2,413 ne kacal. Amma a watan Janairu, in ka hau tudu ka duba, fararen motoci ne iyakar ganinka, ko'ina a daji. Masu tallan garin sukan ce baƙin da ke ratsa shi a hunturu guda sun wuce miliyan. Mu dai da muka san yadda ake ƙidayar kasuwa, sai mu ce dubban ɗaruruwa mu tsaya nan.

Asalin garin rijiya ce. Wani Bature mai suna Charles Tyson ya zauna a wurin a tsakiyar ƙarni na 19, ya kasance matafiya da kekunan doki suna yada zango suna shayar da dabbobinsu, har aka riƙa kiran wurin Rijiyoyin Tyson. Daga baya masu haƙar zinariya suka zo, garin ya samu sunansa na yanzu daga irin farin dutsen da ke yankin. Ruwan sama kuwa a shekara kimanin milimita 100 ne, watau ko rabin abin da Tawa take samu bai kai ba.

Akwai wani kabari a garin da duk baƙo yakan je ya gani, kuma labarinsa zai yi wa masu harkar dabbobi daɗi. A 1855 majalisar Amurka ta ware dala 30,000 don a sayo raƙuma a gwada su wajen dakon kayan soja a hamada. Jirgin ruwa ya yi sawu biyu, a 1856 da 1857, ya sauke raƙuma wajen 75 a gaɓar Teksas, tare da 'yan mutanen da suka san kansu. Cikinsu akwai wani mutumin ƙasar Sham da ake kira Alhaji Ali. Sojoji suka kasa faɗin sunan, suka mai da shi Hi Jolly. Raƙuman sun yi aiki yadda ake so, sun ɗauki kaya sun jure ƙishirwa, sai dai dawaki da alfadarai ba su son warinsu, da sun hango su sai su firgita, abin da ba sai an gaya wa ɗan kasuwar dabbobi ba. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, aka watsar da shirin, aka yi gwanjon waɗansu, waɗansu kuma aka sake su a daji. Shi Alhaji Ali ya zauna a yankin har ya rasu a Quartzsite a watan Disamba na 1902. A 1935 jihar ta gina masa wani ɗan dala na duwatsu a kan kabarin, da siffar raƙumi na ƙarfe a bisa. Yau ɗaya daga cikin zangunan masu motoci sunansa yake ɗauke da shi.

To, yanzu ga inda maganar take. Wane ne mai wannan daji, kuma da izinin wa ake sauka?

Dajin na gwamnatin tarayya ne. Hukumar da ke kula da shi, wadda ake kira BLM a taƙaice, an kafa ta a 1946, kuma filayen da ke hannunta sun kusa hekta miliyan 100, akasari a yammacin ƙasar. Doka ta farko: kowa yana iya sauka kyauta, amma kwana 14 kawai cikin kowane kwana 28. In sun cika, sai ka tashi ka yi nisan aƙalla kilomita 40. A kewayen Quartzsite akwai irin waɗannan zanguna na kyauta guda 5. Babu ruwa, babu makewayi, babu wurin zuba shara, babu inuwa. Fili ne kawai da tsakuwa, kowa ya zo da abinsa ya tafi da dattinsa.

Mai son ya daɗe kuwa, sai ya yanki takarda ya shiga zangon dogon zama. An ƙirƙiro wannan tsari a 1983, bayan da aka ga baƙin hunturu sun bazu ko'ina suna tattake daji. Ƙasar hamada ba ta warkewa da wuri. Har yau ana ganin sawun tankokin yaƙi da Janar Patton ya yi atisaye da su a wannan yanki tun 1942. Saboda haka aka ce gara a tara jama'a wuri guda a san inda ɓarnar za ta tsaya. Mafi girman waɗannan zanguna shi ne La Posa, kudu da garin, mai hekta kusan 4,600. Akwai waɗansu 6 a ɓangaren Kalifoniya, kuma takarda guda tana aiki a dukkansu. Kaka tana buɗewa ran 15 ga Satumba ta rufe ran 15 ga Afirilu. A kakar 2023 zuwa 2024 kuɗin wata 7 ɗin nan dala 180 ne, na mako 2 kuma dala 40. Dalar Amurka fa muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. A canjin lokacin ya kama kusan jika 110 na sefa.

Me mutum yake saye da wannan kuɗi? Ba fili ba ne, don ba a yanka wa kowa fili, inda ka ga dama nan za ka tsaya muddin ba ka matse maƙwabci ba. Abu uku ne: famfo, da kwandon shara, da ramin juye ƙazanta. Kowace mota tana da tanki uku, na ruwan sha, da na ruwan wanke-wanke, da na bayan gida. Tankin ruwan sha na babbar mota yakan ci lita 300 ko fiye kaɗan, abin da shanu 10 za su shanye a yini guda da bazara. Da shi mata da miji za su yi sha da dafuwa da wanka na kwana 10 ko mako 2, in sun iya tattali. Randa ya ƙare, ko tankin ƙazanta ya cika, dole a naɗe komai a tuƙa gidan gaba ɗaya zuwa famfo. A La Posa ta Kudu, cikin Janairu, layin motoci a bakin famfon nan yakan yi tsawo, mai motar dala dubu 300 yana bayan mai tsohuwar motar kaya yana jiran layinsa. Wuta kam ba matsala ba ce yanzu, tunda faifan hasken rana ya yi araha kusan kowane rufi yana da shi. Ruwa ne ba a samo masa dabara ba.

Wanda bai san hamada ba yakan ga ƙoramar da ta bushe, mai yashi mai laushi da 'yan itatuwa, ya ce ga wurin sauka. Tsofaffin hannu sukan hana shi. Ana iya yin ruwa a kan duwatsu can nesa, kai ko ɗigo ba ka gani ba, sai dai ka ji ambaliya ta iso. Mutanen Agadas da Abzin sun san wannan.

Filayen BLM ba na 'yan shaƙatawa kaɗai ba ne, makiyaya ma suna ciki, kuma sun riga su. Tun dokar kiwo ta 1934 ake ba masu shanu takardar izini, yau akwai irinta wajen 18,000. Ana lissafin kuɗin ne da abin da saniya da ɗan maraƙinta za su ci a wata guda, ko tumaki 5. A 2024 dala 1.35 ne, kimanin tamma 800. Ku lissafa: saniya da ɗanta su yi wata 7 suna kiwo a kan dala 9.45, tsoho da tsohuwa su yi wata 7 suna zaune a kan dala 180. A kewayen Quartzsite kanta ciyawa ba ta da yawa, sai shekarar da aka dace da ruwa, dabbar da aka fi gani ita ce jakin daji, jikokin jakunan da masu haƙar ma'adinai suka saki, waɗanda wata doka ta 1971 ta hana a taɓa su. Amma a sauran filayen jihar mai mota da mai shanu suna haɗuwa kullum, kuma abin da ya burge mu shi ne yadda aka raba musu gardama tun kafin ta tashi. Dokar Arizona ta haramta kafa zango a cikin mita 400 daga tafki ko mashaya, in yin hakan zai hana dabbar gida ko ta daji kaiwa ga ruwan da shi kaɗai ne a kusa. Ƙofar shinge kuma yadda ka same ta haka za ka bar ta, in a buɗe a buɗe, in a rufe a rufe. A yankunan da aka ayyana na sakin dabbobi, in ka buge saniya da mota, kai za ka biya mai ita. Ko a kan hanya ba su sa ƙofa, sai su haƙa rami su jera ƙarafa a kai, mota ta wuce, saniya ta ƙi takawa.

Inda aka taru kuwa kasuwa ba ta rasa ci. Tun 1967 ake baje kolin duwatsu masu daraja a garin duk hunturu, shi ne ma ya fara jawo jama'a. Yau Janairu da Fabrairu garin duk rumfuna ne: duwatsu, kayan gyaran mota, tsofaffin kaya, abinci, da wata ƙatuwar tanti da dillalan motocin kwana suke baje hajarsu. Mai shago a garin abin da ya samu a 'yan watannin nan shi zai ci har shekara. Akwai kuma harkar iyaka. Kudu da nan, kusa da Yuma, akwai wani ɗan gari a ƙasar Meziko, Los Algodones, wanda likitocin haƙori suka cika shi. Tsofaffin nan sai su aje mota a gefen Amurka su taka da ƙafa su tsallaka, a gyara musu haƙori, su sayi magani da tabarau da rahusa, su dawo kafin yamma. 'Yan Kanada su ma suna ƙirga kwanakinsu, don baƙo ba ya wuce wata 6.

Sai dai ba duk wanda ke zangon nan ba ne ya zo shan iska. Bayan rikicin bashin gidaje na 2008, mutane da yawa sun rasa muhalli, waɗansu kuma kuɗin fanshonsu ba ya biyan haya a birni. Irin waɗannan ba su da gidan da suka kulle a arewa, motar ita ce iyakar abin da suka mallaka. Da rani su yi gadin zangunan kan duwatsu, da kaka su je aikin girbin gwozar sukari a Dakota ta Arewa, da hunturu su gangaro nan. Wata 'yar jarida, Jessica Bruder, ta bi su ta rubuta littafi a kansu mai suna Nomadland a 2017, aka mai da shi fim, ya ci babbar kyautar Oscar a 2021.

Shi ya sa da hukumar BLM ta fito da shawara a 2024 cewa a ɗaga kuɗin kaka daga dala 180 zuwa 600, aka yi ta kai ruwa rana. Hukumar tana da hujja: an daɗe ba a taɓa kuɗin ba, jama'a sun ƙaru, kwashe shara da yashe ramuka da gyaran famfo duk sun yi tsada. Ga mai babbar mota, dala 600 ba ta kai kuɗin man da ya ƙona a hanya ba. Ga tsohuwar da ke kwana a bayan motar kaya kuwa, ninki uku da ɗoriya ne a lokaci guda. A ganinmu, in aka tsawwala irin wannan kuɗi, talakan ba gida zai koma ba tunda ba shi da shi. Zangunan kyauta zai koma, inda babu famfo babu rami, yana tashi duk kwana 14, kuma ɓarnar da aka kafa La Posa don a tsare ita ce za ta sake bazuwa a daji.

Da Maris ya shigo motoci sukan fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin 15 ga Afirilu rumfuna sun naɗe, shaguna da dama sun sa kwaɗo. A watan Yuli zafin rana a Quartzsite yakan kai digiri 43, wata rana ya wuce, kuma motar kwana in ba na'urar sanyi tanda ce. Marasa gida sai su hau tudu wajen Flagstaff, a arewacin jihar, inda tsayin ƙasa ya wuce mita 2,000 kuma akwai dajin itatuwa. Can ma kwana 14 ne.