Kafin Ka Zuba Kuɗin Masara a Kayan Sauti

Da zarar an shiga kaka a Karfi da ke ƙaramar hukumar Malumfashi, aka sayar da masara da waken suya, sai ka ga samari sun nufi Funtua ko Sabon Garin Kano sayen kayan sauti. Wani na son buɗe gidan kallon ƙwallo, wani na son bayar da haya a wajen biki, wani kuwa ɗakinsa kawai yake son ya riƙa amsawa. Mun zauna da wasu daga cikinsu a rumfar wani mai gyaran rediyo, inda suke haɗuwa bayan la'asar suna koya wa juna. Abin da ya ba mu mamaki, rabin hirarsu darasin fiziks ne na sakandare.

Gargaɗinsu na farko a kan lambar nan ce da ake rangaɗawa a jikin kwali, kamar "wat 3000" da haruffan PMPO a gefe. Wannan lissafin talla ne, babu ƙa'idar da ta ɗaure masu ƙera kaya wajen rubuta shi. Wanda ake dogara da shi shi ne RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a ɗore. Idan ba a rubuta shi ba, juya bayan na'urar ka duba wutar da take sha. Na'urar da ke shan wat 40 daga soket ba za ta ba ka wat 3000 ba, ko me mai shago zai rantse da shi.

Sai maganar om, wadda ta fi cin kuɗin mutane. Ɗaya daga cikin samarin ya ba mu labarin yadda ya jera lasifika huɗu a baki ɗaya na amfilifaya ranar wani ɗaurin aure, don a ji shi har bayan gari. Ba a kai ga rabon goro ba hayaƙi ya tashi. Kuɗin buhunan masararsa ke nan, kuma har yanzu yana biyan bashin gyara.

Ga abin da ya faru. Kowace lasifikarsa om 8 ce. Idan ka haɗa biyu kafaɗa da kafaɗa, ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 4. Huɗu kuwa om 2. Bajamushen nan Georg Ohm ya bayyana ƙa'idar tun 1827: duk sa'ad da turjiya ta ragu, wutar da ke ratsawa ƙaruwa take. Bolt 20 a kan om 8 na jan amfiya 2.5, a kan om 2 kuwa amfiya 10. Amfilifayarsa an rubuta mata om 4 a baya, bai karanta ba. 'Yan ajin kimiyya da ke hamma idan malam ya zo nan, ga amfaninsa.

Wata dabarar ta burge mu saboda arharta. Idan aka juya wayar lasifika ɗaya, ja ta koma gurbin baƙa, sai takardar ɗaya ta riƙa turowa waje yayin da ɗayar ke komawa ciki, gangar ta yi sanyi, mutum ya ɗauka kayansa jabu ne. Ɗauki batirin tocila mai bolt 1.5, ka ɗan taɓa wayoyin da shi. In takardar ta turo waje, wayar da ke kan hancin batirin ita ce ja.

Game da janareta, sun ce a bari ya daidaita kafin a jona komai, a kunna amfilifaya a ƙarshe, a kuma fara kashe ta. Lokacin hunturu a rufe kaya da zane bayan sun huce, domin ƙura na toshe ramukan shan iska.

Akwai abin da ba su tayar ba sai da muka tambaya, wato kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. In sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, sautin ya yi yawa. Uku daga cikin samarin sun amsa cewa kunnensu kan yi ƙugi bayan kowane biki, wani lokaci har washegari. Mai rumfar ya ce nasa na hagu ya daina ƙugin tuntuni, da na dama yake gwada rediyon mutane.