Ciwon Agara: Mutum Nawa Ne Ke Kaiwa ga Tiyata?

Agara ce jijiya mafi ƙarfi a jikin ɗan Adam, ita ke ɗaure tsokar sharaɓa da ƙashin dunduniya. In aiki ya yi mata yawa sai ta yi kauri ta riƙa zogi, galibi tsakanin santimita 2 zuwa 6 a saman dunduniya, inda jini bai cika isa ba. Mai ciwon ya fi jin ta da asuba, sai ya ɗingisa zuwa alwala kafin ƙafar ta saki.

Wani bincike da aka yi a Holan aka wallafa a 2011 ya gano cewa a kowace shekara kusan mutum 2 cikin 1,000 ne ke zuwa wurin likita da sabon ciwon tsakiyar agara. A ido kaɗan ne. Amma Dala da Gwale da Ƙaramar Hukumar Birni, waɗanda suka raba tsohon birnin Kano a tsakaninsu, sun haura mutum miliyan ɗaya tun ƙidayar 2006. Da a ce lissafin Holan zai hau kanmu daidai, kusan mutum 2,000 ke nan a shekara, alhali mai tura baro a Kasuwar Kurmi da marinin Ƙofar Mata sun fi Baturen ofis wahalar da ƙafa.

Nawa ne a cikinsu za su kai ga wuƙa? Amsar da aka fi ambata daga Finlan ta fito a 2000, inda Paavola da abokan aikinsa suka bibiyi marasa lafiya 83 tsawon shekara 8. Kashi 29 cikin ɗari ne aka yi wa tiyata, wato bakwai cikin goma ba a taɓa su da wuƙa ba. Kuma waɗannan mutane ne da ciwo ya riga ya kai su gaban ƙwararru, don haka a cikin jama'a gaba ɗaya adadin zai fi haka ƙanƙanta.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne aikin Håkan Alfredson a Suwidin, a 1998. Ya sa mutum 15 masu tsohon ciwon agara su tsaya a bakin matakala, su ɗaga dunduniya, sannan su sauke ta a hankali da ƙafar mai ciwo, sau 180 a rana, har mako 12. Dukansu sun koma gudu. Goma sha biyar ba yawa ba ne, kuma masu wasan motsa jiki ne, ba dattawa masu ciwon suga ba. Duk da haka wannan atisaye ya zama abin da masu gashin ƙashi ke farawa da shi a duniya, kuma dakalin ƙofar gida ya ishe shi.

Ita tiyatar, likita yana tsaga wurin ne ya kankare ruɓaɓɓen sashen jijiyar, wani lokaci ya sare ƙashin da ke gogarta. Rahotanni kan ce tana yin nasara a wajen kashi 80 cikin ɗari. A riƙe wannan lamba da hattara: wani nazari na 2001 ya nuna cewa bincike-binciken da ba a tsara da kyau ba su suka fi bayyana nasara mai yawa. A Finlan ɗin dai, cikin mutum 432 da aka yi wa aikin, kashi 11 sun samu matsala, akasari ta warkewar rauni, domin fatar bayan dunduniya siririya ce. Mai shan taba da mai ciwon suga sun fi shiga haɗari. Ga kuma jinya, wadda kan iya kai shekara kafin ƙafa ta dawo sosai. Ga mai neman na yau da ƙafarsa, wannan ya fi kuɗin aikin nauyi.

Akwai wani gargaɗi da ya shafi masu sayen magani a kemis ba tare da takardar likita ba. A 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan ciprofloxacin da danginsa saboda suna iya tsinka agara, musamman ga wanda ya haura shekara 60 ko mai shan sitiroid.

Ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka na ganin ba a maganar tiyata sai an yi wata 6 ana magani ba tare da sauƙi ba. Wanda agararsa ta daɗe tana zogi ya je Asibitin Ƙashi na Dala, da ke aiki tun 1959, a duba shi. Wanda kuwa ya ji ta yi ƙara kamar an buge shi ta baya, ya kasa tsayawa da yatsun ƙafa, wannan tsinkewa ce, kada ya kwana bai ga likita ba.