Sharhi: Me ya sa tikitin ƙwallon gora na kan ƙanƙara ke tsada?

A ranar 16 ga watan Fabrairun 2005 ne shugaban gasar NHL, Gary Bettman, ya ba da sanarwar soke kakar wasa ɗungurungum, bayan da aka kasa sasanta rikicin albashi tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa.

Wasanni 1,230 ne suka bi ruwa, kuma a karon farko tun 1919 ba a miƙa wa kowa kofin Stanley ba.

Ɗaya daga cikin hujjojin da masu ƙungiyoyin suka kafa a lokacin ita ce, idan aka rage kuɗin da 'yan wasa ke kwasa, to mai kallo ma zai samu sauƙi a bakin ƙofa. An rage albashin, amma sauƙin bai daɗe ba.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, ya sha bamban da ƙwallon gora da ake bugawa a kan ciyawa. A zaure rufaffe ake yinsa, a kan daskararriyar ƙanƙara, mutum shida-shida, suna sulɓi da takalma masu kaifin ƙarfe suna kora wani ɗan faifan baƙar roba.

NHL, wadda aka kafa a birnin Montreal a 1917, ita ce babbar gasar wasan a duniya, tana da ƙungiyoyi 32: 25 a Amurka, 7 a Kanada. Babu faɗawa ƙaramin rukuni kamar yadda aka saba a ƙwallon ƙafa. Kowace ƙungiya tamkar kamfani ce mai lasisin wani birni, kuma idan kasuwa ta ƙi, ana iya tattara ta a kai wani birnin.

Kuɗin talabijin bai taka kara ya karya ba

Babban abin da ya raba NHL da takwarorinta na Amurka shi ne ƙarancin kuɗin talabijin.

A 2021 gasar ta ƙulla yarjejeniyar shekara 7 da kamfanonin ESPN da Turner, wadda aka ƙiyasta tana kawo dala miliyan 625 a shekara. Idan aka raba wa ƙungiyoyi 32, kason kowace bai kai dala miliyan 20 ba. A wannan shekarar ce gasar NFL ta zari-ruga irin na Amurka ta sa hannu a kan yarjejeniyoyin da suka kai kimanin dala biliyan 10 a shekara.

Da ma lamarin ya fi haka muni. Yarjejeniyar da NHL ta yi da tashar NBC a 2004 ba ta tanadi biyan ko sisi a gaba ba, sai dai a raba abin da aka samu daga tallace-tallace.

A Kanada ne wasan ke da daraja a talabijin. Kamfanin Rogers ya biya dalar Kanada biliyan 5.2 a 2013 don nuna wasannin na shekara 12, sannan a 2025 ya sabunta a kan dalar Kanada biliyan 11. Sai dai wannan kuɗi ma na gasar ce baki ɗaya, ana raba shi har da ƙungiyoyin Amurka.

Don haka ƙungiyoyin suka dogara ga mutumin da ya tako da ƙafarsa: tikitinsa, da kuɗin ajiye motarsa, da abincin da zai saya, da rigar ƙungiya. A lokacin annobar korona shugabannin gasar sun ce kusan rabin kuɗin shigarsu daga nan yake fitowa.

Kujerun kuwa ƙidayayyu ne. Galibin zaurukan na ɗaukar mutum 17,000 zuwa 20,000, mafi girmansu shi ne na Montreal mai kujeru kimanin 21,000. Ƙungiya mai kujeru 18,000, idan ta yi wasa 41 a gida, tikitin da za ta iya sayarwa a kaka bai kai 740,000 ba, ko da kuwa mutum miliyan biyar ne ke son shiga. Tun da ba a iya ƙara kujera, sai a ƙara farashinta.

Abin da rikicin 2004 ya haifar

Ba za a ce kukan masu ƙungiyoyin na wancan lokaci ba shi da tushe ba. Ottawa Senators da Buffalo Sabres duk sun nemi kariyar kotu saboda fatara a farkon 2003.

Wani rahoto da tsohon shugaban hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, Arthur Levitt, ya fitar a 2004 bisa buƙatar gasar, ya ce ƙungiyoyin sun yi asarar dala miliyan 273 a kakar 2002-03, kuma kimanin kashi 75 cikin ɗari na kuɗin shiga na tafiya ne ga 'yan wasa. Ƙungiyar 'yan wasan, ƙarƙashin Bob Goodenow, ta yi watsi da alƙaluman.

Ba yajin aiki 'yan wasan suka yi ba, masu ƙungiyoyin ne suka garƙame ƙofa. Kuma su suka yi nasara.

A yarjejeniyar watan Yulin 2005 an zaftare kashi 24 cikin ɗari na albashin kowa, aka kuma ƙayyade cewa babu ƙungiyar da za ta kashe fiye da dala miliyan 39 a kan albashi. Kason 'yan wasa ya koma kashi 54 cikin ɗari na kuɗin shiga. Ya ɗan hau zuwa 57 daga baya, kafin a sake rufe ƙofa a 2012, a mayar da shi raba-daidai.

Ƙungiyoyi da dama sun rage farashin tikiti a kakar 2005-06 don rarrashin magoya baya. Matsakaicin farashi a lokacin ya ɗan haura dala 40, amma cikin shekara uku ya kusa dala 50, kuma ya ci gaba da hawa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai ƙungiya ba ya duba takardar albashi kafin ya yanka farashi, abin da yake dubawa shi ne nawa jama'a za su iya biya zauren ya cika. Idan albashi ya ragu, ribarsa ce ke ƙaruwa.

Hasali ma, a tsarin da aka kafa a 2005, farashin tikiti ne ke jan albashi. Idan kuɗin shiga ya ƙaru, sai iyakar albashin ta ɗaga. Daga dala miliyan 39 ta kai miliyan 95.5 a kakar 2025-26. Annoba ce ta tsayar da ita a kan miliyan 81.5 na kaka uku, domin da aka yi wasa a zauruka babu kowa, 'yan wasa sun karɓi fiye da rabinsu, sai da suka biya masu ƙungiyoyi bashin kimanin dala biliyan 1.

Toronto da Winnipeg

Toronto Maple Leafs ba ta ɗauki kofin Stanley ba tun 1967, amma shekara da shekaru tikitinta na cikin mafiya tsada a gasar. A 2024 mujallar Forbes ta ƙiyasta darajarta a kan dala biliyan 3.8, sama da kowace ƙungiya.

Kamfanoni ne ke riƙe da yawancin kujerun ƙasa da ɗakunan alfarma, suna gayyatar abokan hulɗarsu. Magoya baya sun daɗe suna ƙorafin cewa zauren ba shi da sowa, domin masu ihun na can sama ko suna gida. Wanda bai da tikitin kaka sai ya bi ta shafukan intanet na masu saye su sake sayarwa, inda farashi ke canzawa gwargwadon abokin karawa da ranar wasa.

Arziƙin Toronto na da illa ga ƙananan birane, domin tsarin bai tsaya ga iyakar sama ba, akwai kuma mafi ƙarancin abin da dole kowace ƙungiya ta kashe. A kakar 2025-26 ya kai dala miliyan 70.6, wato ya kusa ninka iyakar sama ta 2005. Manyan ƙungiyoyi na tallafa wa ƙanana daga wani asusu na gasar, amma sauran giɓin daga aljihun magoya baya ake cike shi.

Ga kuma matsalar canji. Da dalar Amurka ake biyan 'yan wasa, alhali ƙungiyoyin Kanada da dalar Kanada suke sayar da tikiti. Faɗuwar darajar kuɗin na cikin dalilan da suka sa Quebec ta rasa ƙungiyarta a 1995, Winnipeg kuma a 1996.

Da Winnipeg ta sake samun ƙungiya a 2011, an sayar da tikitin kaka 13,000 cikin 'yan kwanaki, mutane suna ɗaukar alƙawarin shekara uku zuwa biyar. Birnin ba shi da manyan kamfanoni kamar Toronto, iyalai ne ke haɗa kuɗi su sayi kujera. Zuwa farkon 2024 adadin ya sauka ƙasa da 10,000, har shugaban kamfanin da ya mallaki ƙungiyar, Mark Chipman, ya yi gargaɗin cewa ba za a ɗore a haka ba, duk da cewa ƙungiyar na cin wasanninta.

Inda ribar take

Masu ƙungiyoyi kan yi kukan asara a kowace kaka, amma babbar ribarsu sai ranar sayarwa. Ottawa, wadda Eugene Melnyk ya saya tare da zaurenta a kan kimanin dala miliyan 92 a 2003, an sayar da ita dala miliyan 950 a 2023.

Sabuwar ƙungiyar Las Vegas ta biya dala miliyan 500 kafin ta shiga gasar a 2017, ta Seattle kuma miliyan 650 kafin ta shiga a 2021. Masu tsoffin ƙungiyoyi ne suka raba wannan kuɗi, ba ya cikin lissafin da ake raba-daidai da 'yan wasa. Ko Arizona Coyotes, wadda ta shiga fatara a 2009, ta kuma ƙare a wani zauren jami'a mai kujerun da ba su kai 5,000 ba, dala biliyan 1.2 aka biya a 2024 aka kwashe 'yan wasanta zuwa jihar Utah.

A 2025 gasar da 'yan wasa sun tsawaita yarjejeniyarsu zuwa 2030 ba tare da rikici ba. Sun amince a ƙara wasannin kaka daga 82 zuwa 84 daga kakar 2026-27, wato ƙarin wasa ɗaya a gida da kowace ƙungiya za ta sayar wa tikiti. Tun farkon shekarar aka sanar cewa iyakar albashi za ta kai dala miliyan 113.5 a kakar 2027-28.