Ctrl da R: Maɓallai biyu da ke tuna mana abin da muka manta

A shekararmu ta farko a jami'a, yawancinmu da ɗan littafi muke yawo, wanda muke rubuta umarnin kwamfuta a ciki. Da mun buɗe taminal, wato baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye, sai mu hau kwafa harafi bayan harafi. Harafi ɗaya ya kuskure, aiki ya tsaya. Ashe ita ma kwamfutar tana da nata littafin.

Manhajar da ke karɓar umarni a yawancin kwamfutocin Linux sunanta Bash. Brian Fox ne ya rubuta ta, ta fito a 1989. Tana adana umarnin da aka buga a wani fayil mai suna .bash_history. Maɓallin kibiyar sama yana dawo da su ɗaya bayan ɗaya, amma idan na makon jiya kuke nema, sai yatsa ya gaji.

Ga hanya mafi sauƙi. Ku danne Ctrl, ku taɓa R, sannan ku rubuta ɗan abin da kuka tuna, misali python. Nan take umarni na ƙarshe mai ɗauke da kalmar zai bayyana. Idan ba shi ba ne, ku sake danna Ctrl da R don komawa baya. Enter na aiwatar da shi, kibiyar dama na ba ku damar gyara shi, Ctrl da G kuma na soke neman. Ko kwamfuta babu, manhajar Termux a wayar Android ta isa gwaji.

Sai dai gaggawa aikin shaiɗan ce. Wani ɗan ajinmu ya danna Enter bai karanta abin da ya fito ba, ashe tsohon umarnin rm ne, mai share fayil. Abin da rm ya share ba ya shiga kwandon shara, haka aikin da zai miƙa wa malami washegari ya salwanta. Haka kuma, kada ku saka kalmar sirri a cikin umarni a kwamfutar makaranta, domin na bayanku zai iya ganinta a wannan fayil.

Tun ranar muka kafa wa kanmu doka: a nema, a karanta, sannan a danna Enter.